Furen baƙo da inuwar gida: itatuwan ƙawa a harabar jami'o'inmu

 

Duk wanda ya taɓa ƙetare gadar Kenedi a Yamai cikin watan Mayu, ya nufi Harobanda da tsakar rana, ba ya bukatar a yi masa bayanin darajar inuwa. Kwalta na tururi, iska na busowa kamar daga bakin maƙera, ma'aunin zafi ya haura 40 tun kafin azahar. Idan ka ratse ka shiga harabar Jami'ar Abdu Mumuni, abin da zai fara ɗaukar idonka shi ne yadda ɗalibai suka rarrabu ƙarƙashin itatuwa. Waɗannan sun shimfiɗa tabarma suna bitar darasi, waɗancan sun ɗora butar shayi, wasu kuma sun jingina da gindin icce suna jiran ladan. A irin wannan lokaci, karatun da ake yi a gindin icce bai gaza wanda ake yi cikin aji ba.

An kafa wannan makaranta a 1971 a matsayin cibiyar ilimi mai zurfi, ta zama cikakkiyar jami'a a 1973, sannan a 1992 aka sa mata sunan Farfesa Abdu Mumuni, shekara guda bayan rasuwarsa. Haifaffen Tasawa ne, masanin kimiyyar hasken rana, wanda ya ƙarar da rayuwarsa wajen neman yadda za a mai da zafin Sahel abin amfani. Jami'ar Musulunci ta Sayi ta buɗe ƙofofinta a 1986. A 2010 aka kafa jami'o'in Maraɗi da Tawa da Damagaram, a 2014 kuma na Agadas da Difa da Doso da Tilaberi suka biyo baya. Ma'anar wannan ita ce, mafi yawan harabobin jami'o'inmu ƴan yara ne, kuma abin da aka dasa musu a waɗannan shekaru shi ne zai yi wa jikokinmu inuwa, ko kuwa ya hana su ita. Wannan ne ya sa muka ga ya kamata a tambayi abin da ake dasawa, da dalilin da ya sa aka zaɓe shi.

Abin da ya tayar mana da maganar kuwa ƙaramin abu ne da ya faru a gida. Wani ɗan yayanmu, haifaffen birni, mai karatun kimiyyar halittu a ɗaya daga cikin jami'o'in ƙasar nan, ya zo hutu ƙauye. Wata rana bayan la'asar muka raka mahaifinmu gona, yaron yana ta ba mu labarin furannin makarantarsu, yana jero sunayensu da Faransanci da Latinanci ba tangarɗa. Malam yana saurare, bai ce uffan ba, har muka iso wani babban icce mai duhun ganye a bakin fadama. Sai ya tsaya, ya dafa shi da sanda, ya ce: «To, ɗan birni, wannan fa, wa sunansa?» Yaron ya duba sama, ya duba ƙasa, ya ce: «Malam, kamar ɗanya.» Malam ya yi dariya har rawani ya karkace, ya ce: «Kanya ce, angon kakarka. Ka san baƙin garin duka, ba ka san masu gida ba.» Aka yi raha irin ta kaka da jika, aka wuce. Amma mu abin bai wuce mana ba, domin laifin ba na yaron ba ne. Abin da ya buɗe ido ya gani an dasa, an yi masa shinge, ana ba shi ruwa safe da yamma, shi ya ɗauka abin daraja.

Baƙin da suka cika fili

Mai yawo a harabobin manyan makarantu, daga Yamai zuwa Wagadugu, daga Kano zuwa Marwa da Injamena, zai lura da cewa kusan fuskoki ɗaya yake ta gamuwa da su. Da farko akwai dogon yaro, wanda wasu ke kira bedi, wasu darbejiya. Ya zauna da mu har mun manta baƙo ne, alhali asalinsa ƙasar Indiya da Bama, kuma a farkon ƙarni na 20 Turawan mulkin mallaka suka shigo da shi Afirka ta Yamma. Akwai iccen turare daga Ostareliya. Akwai fulambuwayan, mai jan furen nan da ke kama wuta a ƙarshen bazara, daga tsibirin Madagaska. Daga can ne kuma aka kawo tarminaliya mai rassa hawa-hawa kamar an jera faya-fayi, wadda a ƴan shekarun nan ta mamaye ƙofofin gidaje da ofisoshi. Kasiya mai rawayan fure daga kudu maso gabashin Asiya take. Faranjipaniye mai ƙamshi daga tsakiyar nahiyar Amurka. Ita kuwa bugenbiliye da ke hawa katanga, a kusa da birnin Riyo na ƙasar Barazil masu binciken tsirrai na wani jirgin ruwan Faransa suka same ta a 1767, suka sa mata sunan shugaban tafiyar. Abin mamaki game da ita, jan nan ko shunayya da muke kira furenta ganye ne da ya rikiɗa. Ainihin furen ɗan ƙarami ne fari, a ɓoye a tsakiya.

Kada a fahimce mu ba daidai ba. Ba mu ce shigo da tsiro daga wata ƙasa aibi ne ba, kuma tarihin Musulmi ma ba zai goyi bayan mai faɗin haka ba. Abdurrahman na farko, wanda ya kafa daular Umayyawa a Andalus a ƙarni na 8, ya gina lambun Rusafa kusa da Ƙurɗuba, ya sa aka kawo masa iri daga Sham, har da wani nau'in rumman da ya bazu a ƙasar daga wannan lambu. Ibn Bassal ya kula da lambun sarki a Ɗulaiɗila a ƙarni na 11, yana gwada baƙin tsirrai. Mangwaron da muke sha da zogalen da muke kwaɗo, su ma daga Indiya suka fito, kuma ba mai hankalin da zai ce a tumɓuke su. Dogon yaro kansa ya yi mana aikin da ba za mu iya biyansa ba. Da shi da iccen turare aka kafa koren ɗamarar da aka fara zagaye Yamai da ita a 1965, da shi aka yi layukan kare iska a kwarin Majiya wajen Buza tun daga 1975, kuma ba don shi ba da unguwanni da yawa ba su da inda za a shimfiɗa tabarmar suna ko ta zaman makoki. Bugenbiliye ma baƙuwa ce mai ladabi: ba ta da yawan shan ruwa, kuma ƙishirwa ce ke ƙara mata kwalliya.

Inda gizo ke saƙa shi ne, yawan launi ba shi ne yawan iri ba. Za ka ga fili ya ƙawatu da ja da rawaya da fari, amma idan ka ƙirga sai ka tarar iri biyar ko shida ne ake ta maimaitawa, kuma dogon yaro shi kaɗai ya rinjayi sauran duka. Masana tsirrai na ƙasar nan sun lissafta fiye da iri 2000 na tsirrai a Nijar. Nawa daga ciki ɗalibi zai gani tsakanin ɗakin kwanansa da ɗakin karatu?

Wannan ba maganar sha'awa kaɗai ba ce, akwai hatsari a ciki, kuma mun taɓa ɗanɗana shi. A tsakiyar shekarun 1980 wani ƙaramin ƙwaro mai manne wa ganye ya auka wa dogon yaro a ƙasashen da ke kewaye da tafkin Cadi, ya ƙone ganyen itatuwa masu yawa. A farkon shekarun 1990 kuma aka ga wata cuta a nan Nijar: ganye ya yi rawaya ya zube, ya bar ɗan tuntu a ƙarshen reshe, har hankalin ma'aikatan gandun daji ya tashi aka gayyato masana daga waje. Ɗaya daga cikin abubuwan da suka ja hankali a kai shi ne, dogon yaron Afirka ta Yamma ya fito ne daga ƴan itatuwa kaɗan da aka fara kawowa, wato kusan dangi ɗaya ne, abin da ya kama ɗaya yana iya kama saura. Allah ya kiyaye, abin ya lafa. Ingila ba ta yi wannan sa'a ba: daga ƙarshen shekarun 1960 wata cuta ta kashe miliyoyin wani icce da ake kira elm, wanda ya ƙawata karkararta da biranenta. Saboda irin haka ne wani masanin itatuwa na Amurka, Frank Santamour, ya ba da shawara a 1990 cewa a cikin itatuwan gari kada iri ɗaya ya wuce kashi 10 cikin 100, kada jinsi ɗaya ya wuce kashi 20, kada babban dangi ɗaya ya wuce kashi 30. Mai karatu ya tsaya a ƙofar makarantar da ta fi kusa da shi, ya auna da wannan mudu, ya ga abin da zai samu.

Sai maganar ruwa. Tsarin ƙawata harabar jami'a da muka gada, mai shimfiɗaɗɗiyar ciyawa da shingen da ake aske wa kai, an yanko shi ne daga ƙasashen da ruwan sama bai yanke musu ba. Ya karɓi Ibadan da Abijan. Yamai kuwa ruwan da take samu a shekara bai cika wuce milimita 500 zuwa 600 ba, cikin wata huɗu, alhali abin da rana da iska ke iya zuƙewa a shekara ya haura milimita 2000. A tsakiyar bazara, kowane murabba'in mita na ciyawa yana iya shan lita 8 a yini. Ɗan fili mai mita 10 a tsaye da 10 a kwance ke nan zai lashe lita 800, wato bido 32 na mai lita 25, kowace rana ta Allah, a garin da mata ke kwana a layin famfo. Mu da aka hore mu da kada mu yi ɓarnar ruwa ko a wajen alwala, ya kamata wannan lissafi ya dame mu. Sannan ba daidai ba ne a ce jerin dashen da aka kai Doso, inda kudancin jahar wajen Gaya ke samun kusan milimita 800, shi ne za a kai Agadas, inda sau da yawa ba a samun ko 200.

Ga kuma wani abu da masu zaɓen dashe ba su cika tunawa ba. Fulambuwayan yana zubar da ganyensa da rani, saboda haka a watannin da aka fi neman inuwa tsirara yake, sai daga baya ya fito da furen da ake ɗaukar hoto. Saiwoyinsa a sama-sama suke tafiya, suna ɗaga daɓe, suna fasa bututu. Iccen turare kuwa inuwarsa shara-shara ce, yana zuƙe ruwan ƙasa, ganyen da ya zubar kuma ba ya barin komai ya tsiro a gindinsa.

Kyakkyawan da ke kisa

A nan muna roƙon iyaye mata su ba mu hankalinsu, domin abin da aka gani a jami'a da ofis shi ake saye a bakin hanya a kai gida. Biyu daga cikin furannin da aka fi so guba ne mai ƙarfi. Na farko loriye-roz, mai dogayen ganyaye sirara da fure ja-ja ko fari, ɗan asalin ƙasashen Bahar Rum. Na biyu tebetiya, daga nahiyar Amurka, mai rawayan fure kamar mazurari, da koren ɗa mai ƙwallo a ciki, wanda in an karya reshensa farin ruwa ke fita kamar nono. Dukansu suna ɗauke da sinadarin da ke rikita bugun zuciya, kuma ƙwallon tebetiya ɗaya ko biyu na iya halaka ƙaramin yaro. Alamun farko amai ne da ciwon ciki da jiri. Idan ana zaton yaro ya ci, kada a tsaya jiƙe-jiƙe ko jiran a ga abin da hali zai yi, a kai shi asibiti nan take, a tafi da ganyen ko ɗan iccen domin likita ya gani. Kada a yi tsinken tsire ko asuwaki da reshensu, kada a sa su a murhu, kada a zuba wa awaki abin da aka sassabe.

Adalci ya sa mu ce guba ba ta baƙi kaɗai ba ce. Kariyarmu ta gida, mai kumburarren gindi da jan fure, da ruwanta maharba ke haɗa dafin kibiya. Ƴaƴan bini-da-zugu ma, wanda ya daɗe tare da mu ko da yake asalinsa baƙo ne, sun sha kai yara asibiti. Bambancin shi ne, waɗannan kakanninmu sun san su, sun gargaɗe mu tun muna ƙanana. Baƙon fure kuwa ya shigo gida ba tare da labarinsa ba.

Wani baƙon kuma ba ya zama inda aka ajiye shi. Ciyawar ruwan nan mai shuɗin fure da ke rufe fuskar kogin Isa, wadda wasu ke haɗa ta da kainuwa, daga kogin Amazon take, kuma kyan furenta ne ya sa mutane suka yi ta ɗaukarta daga ƙasa zuwa ƙasa domin ƙawata tafkunan lambu. Cikin mako biyu tana iya ninka kanta. Tun daga wajen 1990 masunta da manoman shinkafa na bakin kogi suke fama da ita, tana hana jiragen ruwa wucewa, tana toshe hanyoyin ban-ruwa. Ɗalibin da ke ƙetare gada kullum yana ganin darasin da idonsa, in da wanda zai nuna masa.

Masu gida

Sau da yawa idan aka yi wannan magana sai a ce itatuwanmu ba su da fure. Mai faɗin haka bai shiga dajin Gaya ko gandun W da rani ba. Bai ga marga ba sa'ad da ta saki zarori na rawayan fure suna reto kamar an rataye zinariya. Bai ga kurya ba a cikin hunturu, ba ganye ko ɗaya, sai jajayen furanni manya, waɗanda bayan sun gama ƙawa a tsince su a yi miya. Bai ga sansami ya lulluɓe da fure ja-ja mai haske ba, ko minjirya da jan furenta kamar garwashi, bai kuma shaƙi ƙamshin gauɗe da na bagaruwa da yamma ba. Lalle da matanmu ke ƙunshi da shi yana yin shinge mai kyau, furensa kuma ya fi turaruka da yawa. Dirga ma haka, tana karɓar aski, ba ta neman ruwa. Kariyar da muke wucewa a daji ba mu kalla, manoman furanni na Tailan sun ɗauke ta sun fitar da ɗaruruwan launuka, suna sayar wa duniya da tsada, har ta dawo mana cikin tukunya muna yi mata kallon baƙuwa.

Ta fuskar inuwa kuwa ba a ma haɗa su. Ceɗiya da durumi da gamji su ne majalisun garuruwanmu tun kafin a san siminti. Tsamiya da kanya da aduwa ba su cika rabuwa da ganye ba ko a tsananin bazara. Maɗaci, wanda Turawa da kansu suka jera a manyan titunan Bamako da Bobo-Julaso, ɗan gida ne, ko da yake masu sassaƙar ɓawonsa don magani suna neman ganin bayansa. Gawo kuma ya saɓa wa kowa: yana zubar da ganye da damina, ya tofo da rani, wato inuwarsa tana zuwa daidai lokacin da fulambuwayan ya tuɓe. Yana ƙara wa ƙasa taki, ƴaƴansa abincin dabbobi ne, shi ya sa ake ba da labarin cewa sarakunan Damagaram na ƙarni na 19 sun kafa hukunci mai tsanani a kan wanda ya sare shi. Kuma manoman Maraɗi da Damagaram sun riga jami'a gane wannan. Tun daga tsakiyar shekarun 1980 suka koma barin tohon da ke fitowa daga kututture a gonakinsu, suna rage shi suna reno, har masu bincike suka ƙiyasta cewa an farfaɗo da itatuwa kusan miliyan 200 a kan hekta miliyan 5, ba tare da tukunyar ban-ruwa ko ɗaya ba. Daga ƙasashe da dama ana zuwa koyon wannan aiki a wajen talakawanmu.

Mu da muka tashi a zauren karatun allo muna da wata shaida ta daban. Idan mutum ya duba kayan karatunmu na da, zai ga daji ne gaba ɗaya. Allon da muka fara rubuta baƙi a kai daga aduwa aka sassaƙo shi. Alƙalamin gamba ne. Tawadar ba ta kama allo sai da ƙaro, ƙaron kuma daga ɗakwara. Fatar gafakar da ake sa Alƙur'ani da bagaruwa aka jeme ta. Tabarmar da muke zama kabar goriba ce. Asuwakin da Sunna ta kwaɗaitar a kai, iccensa na araki yana tsirowa a Ayar da yankin tafkin Cadi. Ranar da mutum ya cika kuma, da ganyen magarya ake haɗa ruwan wankansa. Tun daga harafin farko har zuwa likkafani, waɗannan itatuwa suna tare da Musulmin wannan ƙasa. Abin kunya ne a ce gidan ilimi mafi girma a ƙasa ya rasa gurbin da zai ba su, ko ya bar su a bayan katanga tamkar ciyawar da ba a kai ga nomewa ba.

Addini bai hana ƙawa ba. A cikin Suratun Namli an lissafta lambuna masu faranta ido cikin ayoyin Ubangiji, saboda haka wanda ya dasa fure don kyansa kawai bai yi laifi ba. Sai dai ya tabbata a hadisin Anas, Allah ya yarda da shi, wanda Buhari da Muslim suka ruwaito, cewa ana rubuta wa mai dashe ladan sadaka a kan abin da mutum ko tsuntsu ko dabba suka ci daga dashensa. Mahaifinmu yakan tsaya a kan ambaton tsuntsu da dabba, ya ce ba a ambace su a banza ba. Duk wanda ya zauna gindin ɓaure ko ceɗiya lokacin da suka nuna, ya ji hayaniyar tsuntsaye da rana da ta jemagu da dare, sannan ya je ya zauna kusa da shingen loriye-roz ya ji shiru, zai gane abin da Malam ke nufi. Icce mai haɗa kyan gani da inuwa da abinci ya tara lada ta ƙofa uku.

Gaskiya ne masu gida suna da nasu aibin, kuma shi ne ya sa ƴan kwangila ke gudunsu. Ba su da saurin girma. Dogon yaro cikin shekara uku ya yi inuwa, tsamiya kuwa sai an yi haƙuri, wanda ya dasa ta ba lalle ne ya sha kununta da yawa ba. Shugaban da ke son a ga aikinsa kafin wa'adinsa ya cika, tarminaliya zai saya. Wasu kuma suna da ƙaya, ba a sa su a bakin hanyar da ake bi da dare. Amma wannan matsala ce ta tsari, tana da magani: a dasa mai sauri da mai nawa tare, idan na gida ya kawo ƙarfi a rage baƙon. Bincike ma yana rage tazarar. A tashar binciken noma ta Sadore, kudu da Yamai, an ɗaura reshen magaryar Indiya a kan gindin tamu, aka sami wadda ake kira tuffar Sahel, mai manyan ƴaƴa, mai saurin haihuwa, mai jure fari irin na uwarta.

Tun 1545, lokacin da jami'ar Paduwa ta ƙasar Italiya ta buɗe lambun tsirrai domin ɗaliban likitanci, aka san cewa filin jami'a littafi ne da ake karantawa da ƙafa. Kafin su ma, Ibnul Baiɗar, ɗan Malaƙa wanda ya rasu a Dimashƙa a 1248, ya yi yawo daga Andalus zuwa Sham yana tattara tsirrai, ya bar littafin da ya ƙunshi magunguna da abinci kusan 1400, kuma yakan kawo sunan tsiro da harsuna daban-daban, har da na Barbar. Wannan ɗabi'a tasa ita ce abu mafi araha da jami'o'inmu za su iya kwaikwaya. Ɗan allon ƙarfe a gindin kowane icce, da sunansa na kimiyya, da na Hausa, da na Zabarmanci, da Fulatanci, da Tamajak, da Barbarci, da ƙasar da ya fito, da jan rubutu idan mai guba ne. Kuɗin wannan bai kai na ban-ruwan ciyawa na wata guda ba. Tun da dokar ƙasa ta 2025 ta ɗaga matsayin Hausa, ga wuri mai sauƙi da za a fara ganin hakan a aikace. Tsofaffin da suka san waɗannan sunaye da amfaninsu suna ƙarewa ɗaya bayan ɗaya, kuma abin da ya tafi da su ba a samo shi a intanet.

Tun 1975 ranar 3 ga Agusta ta zama ranar dashen itace a ƙasar nan. Mun sha ganin yadda ake yi a wurare da dama: a zo da motoci, a dasa ɗaruruwa, a ɗauki hoto, kafin watan Maris awaki da ƙishirwa sun gama da su. Da za a ba kowane sashen karatu, da kowace ƙungiyar ɗalibai Musulmi, da kwamitin masallacin jami'a, itatuwa goma kacal na iri goma, a rubuta sunan mai kula da kowanne har ya kammala karatu ya miƙa wa na bayansa, da an fi samun abin nunawa. Ruwan alwala da ke malala a banza a bakin masallaci sau biyar a yini ya isa ya rayar da su, in an yi masa ƴar hanya zuwa gindinsu.

A gida ma haka. Kafin maigida ya tsaya wajen masu sayar da dashe a bakin hanya, ya tambayi sunan abin da zai saya, da ko yana da guba, da yawan ruwan da yake sha. Idan ya nemi tsamiya ko kanya aka ce babu, ya sake nema a wani zuwan. Mai sayarwa abin da ake tambaya yake renowa. Wanda kuma yake son ya reni nasa, aikin ba wuya. Ƙwayar kuka da ta gawo da ta bagaruwa suna da taurin ɓawo, sai an ɗan kankare gefe ko an jiƙa su a ruwan zafi an bar su su kwana kafin a shuka. Irin maɗaci ba ya jure ajiya, da an tsince shi a shuka shi. Ceɗiya da durumi kuwa ba su bukatar iri, babban reshe ake sarowa a kafa a farkon damina, a kare shi daga dabbobi. A shuka cikin leda a watan Maris ko Afrilu, a dasa idan ruwa ya zauna a Yuli.

Ɗan yayan namu, da zai koma makaranta, Malam ya ƙulle masa ƴaƴan kanyar nan ta bakin fadama a ƙyalle, ya ce ya kai wa malamansu tsaraba. Biyu daga ciki sun tsiro a cikin gwangwanin madara a bayan ɗakin kwanansu, kuma a hutun da ya wuce ya zo da littafi, ya zauna gaban kakansa yana rubuta sunayen itatuwan da ke tsakanin masallaci da gona. Sun kai 41 kafin a kira magariba.